Amanar Kolin

Tun da na dawo daga Masar ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a ƙofar shagon Alhaji Sani ba. Kowa ya zauna sai ya ce, "Mushe Kyari, yaya ƙasar Fir'auna?" Mushe kuwa, daga Faransanci, haka ake kiran malamin makaranta a wajenmu. In na ɗauko labarin, kafin motata ta kai Gidigir wani ya katse ni da tambayar ko da gaske ne na sayar da wuƙar. Na tsufa ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a Gure, na kuma san ajin da ba ya saurare sai an rubuta masa a allo. To, ga shi na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in sha shayina.

Ga wanda ba ɗan unguwarmu ba, sai na fara daga baya. Mahaifina Malam Bukar, wanda Gure ta sani da Baba Soja, ya kora raƙuma zuwa Chadi yana saurayi, can aka ɗauke shi soja a yaƙin duniya na biyu. Yaƙi ya ja shi har hamadar Masar, wani wuri kusa da teku da ake kira Alamain, inda ɓaraguzan bom suka fasa masa cinya. A tantin masu rauni aka kwantar da shi kusa da wani yaron Bature, ba Bafaranshe ba, ba ɗan Ingila ba, mutumin Ostiraliya. Masu jinya suna kiransa Kolin. Rauninsa a ciki yake, likita kuma ya hana a ba mai raunin ciki ruwa. Yaron yana ta roƙo, ba mai ba shi. Baba ya riƙa jiƙa bakin ƙyalle yana ɗiga masa a leɓe.

Ba su da harshe ɗaya. Amma Baba ya ce yaron ya sauko da hannu ya zana raƙumi a ƙasan tantin, ya nuna ƙirjinsa, ya nuna nesa, wato a ƙasarsu ma akwai. Da ya ji jikinsa ya ƙi, sai ya zaro wata 'yar wuƙa mai naɗewa ya sa a tafin Baba, ya rufe masa yatsu a kanta, ya sake nuna nesa. Baba bai nemi tafinta ba. Mamaci ya sa maka abu a hannu ya nuna gida, sunan abin nan amana.

Ya dawo Gure da abu uku: ɗingishi, wuƙa da labari. Ɗingishin kowa ya yarda da shi, don ana gani. Wuƙar an yarda rabi da rabi, ana cewa a ɓoye sojan da ya dawo da wuƙar gawa shi ya san yadda ya same ta. Raƙuman kuwa ba wanda ya karɓa. Raƙumi a ƙasar Turawa? Har karin magana ya zama a kasuwarmu, in mutum ya shirga ƙarya a ce ya kawo raƙuman Baba Soja. Na girma na karanta a littafi cewa akwai su, na faɗa a majalisa, aka ce ɗan maƙaryaci ya je lakwal, makarantar boko, ya samo shaida.

Baba bai taɓa yanka ko albasa da wuƙar ba. Ya kuma kafa randa a ƙofar gida, kullum safe a cika ta don masu wucewa. Ita ce randar Kolin, yara da yawa sun sha ruwanta suna zaton Kolin sunan wani waliyyi ne. Da ya rasu, mahaifiyata Inna Falmata ta gaji wuƙar da randar duka.

Bara ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Ta kira ni ɗakinta, ta ce, "Kyari, na kusa tarar da ubanka. Ba na son ya tambaye ni wuƙar nan in ce tana cikin adaka. Ka nemo masu ita."

'Yata Hadiza, mai aikin jinya a Damagaram, ita ta sa cigiya a intanet, a wani dandali da Turawa suke neman labarin matattunsu na yaƙi. Ta so ta sa hoton wuƙar, Inna ta ce a kul. A kasuwar Bune ko Alakos, in ka tsinci raƙumi ba ka cewa ga launinsa ga shaidarsa. Cewa kake yi an tsinci dabba. Mai ita shi zai zo ya tsuguna ya zana shaidar wutar da ke jikinta a rairayi, tun bai gan ta ba. In ya dace a kwanto masa, in bai dace ba a ce Allah ya haɗa shi da tasa. Saboda haka abin da muka rubuta kawai shi ne, akwai wani abu na wani Kolin, sojan Ostiraliya da ya mutu da rauni a Alamain, magadansa su zo su faɗi kamanninsa.

Na farkon da ya amsa hoto ya nema da farashi, muka san dillali ne. Sai wata mata mai suna Rut, wadda ta ce Kolin wan mahaifinta ne. Jimlar farko ta saƙonta ita ce ba za ta aiko da ko kwabo ba, kada mu wahalar da kanmu. Hadiza ta ji haushi, ni kuwa nan take matar ta burge ni. Ta nemi hoto, muka hana. Ta nemi a faɗa mata mene ne abin, muka hana. Ta yi shiru har muka cire rai, sannan ta ce za ta ziyarci kabarin tare da ayarin 'yan ƙasarsu, in da gaske muke in same ta can. Ina jin ta faɗa ne don ta tabbata ba zan zo ba.

'Ya'yana suka haɗa mini guzuri. Majalisa kuma ta haɗa mini tsoro. Alhaji Sani ya ce Bature ba ya tsugunne banza, lalle ƙotar wuƙar nan da zinariya a ciki. Wani ya ce tarko ne, da na miƙa za a kama ni a kan satar da ubana ya yi. Na yi dariya a gabansu, amma maganar ta bi ni gida. Ita kuwa Inna ta ɗinke wuƙar cikin fata, ta binne ta a tsakiyar jakar dabino, ta ba ni sharaɗi biyu: kada ta rabu da jikina, kada kuma in nuna wa kowa sai ya faɗi shaida.

A motar Damagaram Allah ya haɗa ni da wani ɗan tireda mai faɗin kafaɗa da son hira. Tun daga tasha yake kallon jakar da na rungume. Muna wuce Gidigir ya tambaya me ke ciki. Na ce dabino ne. Ya ce ma sha Allah, da irin muryar da ba ta bar wa mai kunya hanya ba. Na ɗebo na ba shi. Ya ci, ya yaba, ya ce na baya ma su ɗanɗana. Daga nan duk inda mota ta tsaya sai ya tuna da dabinon, ni kuma ina sa hannu ina auna saura nawa kafin fatar ta leƙo. Na fara zargin Alhaji Sani ne ya turo shi. Da muka kai Mirya na rufe ido na shiga barcin ƙarya, irin wanda ɗalibaina suka koya mini, ban farka ba sai a tashar Damagaram. Hadiza ta ciko jakar, ta ƙara da kilishi, ta kuma koya mini yadda ake aika saƙo a wayar zamani, da haƙurin da ban tuna na taɓa yi mata ba sa'ad da nake koya mata ƙasashen duniya.

A bakin iyakar Najeriya na yi zaton wuƙar za ta ba ni wahala. Ashe ba wanda ya damu da ita, a ƙasarmu wa ba shi da wuƙa? Ni ne abin tuhuma. Jami'in ya juya fasfo, ya ga bizar Masar, ya tambaya asibiti zan je. Na ce a'a. Karatu? Na nuna masa furfurata. Umara ta ɓarauniyar hanya? Na ce ziyarar kabari zan je.

"Na wane shehi?"

"Na wani Bature."

Ya kira abokin aikinsa ya ce ya zo ya ji sabuwa. Su biyun suka yanke cewa teku nake nufi, in hau kwalekwale in tsallaka Turai. Na ce su dube ni da kyau, mutumin da gwiwarsa ke ƙara in ya tashi daga sujada, wace Turai ce take jiransa? Babban ya ce, "Baba, mun ga wanda ya girme ka." Sai da na ba su labarin tun daga tanti har randa. Ba su yarda ba, amma sun ji daɗinsa, suka buga hatimi. Ƙaramin ya biyo ni har mota ya ce raƙuman nan dai in rage su in zan sake faɗa, su suke ɓata labarin.

A Kano na sauka gidan ƙanen Alhaji Sani a Fagge. Mutanen kirki, tuwon shinkafa da miyar taushe har sai na ce a yi mini afuwa. Sai dai na lura duk tambayar da mai gidan ya yi mini, na taɓa jin ta a ƙofar shago a Gure, da kalmominta. Da jakata nake shiga ko'ina, har inda ba a shiga da abinci.

Filin jirgi ne ya karya sharaɗin Inna na farko. Na'urarsu tana ganin cikin jaka kamar yadda Inna take ganin cikin mutum. Wata jami'a ta nuna mini inuwar wuƙar a allo, kwance tsakanin dabino kamar kifi a cikin tsakuwa, ta ce ko dai jakar ta bi kaya zuwa cikin jirgi ko wuƙar ta shiga kwandon shara. Na yi bayanin amana. Ta ce ta fahimta, ita ma tana da uwa, amma doka ba ta da ita. Na tsaya ina kallon jakar tana tafiya a kan bel har labulen roba ya haɗiye ta.

A Alƙahira kowa ya ɗauki kayansa ya tafi, bel ya yi ta zagaye da ni kaɗai a tsaye. Jakar ba ta zo ba.

Na je ofishin ɓataccen kaya da Larabcina na allo. Na jera wa ma'aikacin jimla mai kyau da duk wasullanta, ya saurara baki buɗe, ya kira na kusa da shi ya ce in maimaita. Daga baya na gane ji suka yi kamar liman ya sauko daga mumbari yana cigiyar jaka. Suka ce gobe, in sha Allah. Na zo goben, suka ce gobe. A Gure in mutum ya ce maka gobe yakan ji kunya ya kau da ido. Can kuwa ido cikin ido ake faɗa, da murmushi, har a ba ka shayi.

Masaukina wani ƙaramin otel ne a saman tsohon bene, ana hawa da wani keji na ƙarfe mai kukan tsohuwar rijiya. Mai gadin ƙofar ya tabbata ni ɗan kasuwar zinariya ne mai ɓoye arziki, don ya ce talaka ba ya zuwa wata ƙasa da riga ɗaya, sai mai kuɗi. Abincin safe wake ne da aka dama da mai, a ci da gurasa. Na rana kuwa shinkafa ce da taliya da wani ƙaramin wake da soyayyiyar albasa duk a kwano ɗaya, kamar an bi gida uku an tattaro ragowa. Na raina shi a ranar farko, na nemi ƙari a ta biyu. Shayinsu ba kumfa, ba zagaye uku, a miƙo maka kofi ɗaya a tafi. Mutanen da suka gina dala ba su da lokacin dafa shayi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dole in gaya wa Rut. Na rubuta da Ingilishina na littafi cewa na iso, amma jakar da abin yake ciki ta ɓata a jirgi. Ina aikawa na karanta shi da idonta. Baƙo daga Afirka, ya ƙi nuna hoto, ya ƙi faɗin abin, yanzu kuma jaka ta ɓata. Saura kawai ya ce a taimaka masa da na mota. Amsarta ta zo gajeriya: ta yi tsammanin haka. Ta ƙara da cewa ayarinsu zai je maƙabartar ranar Asabar da hantsi, daga nan su wuce. Ban ga laifinta ba. Da ɗalibi ne ya kawo mini wannan uzurin, da sifiri zan ba shi.

Ana jajibirin Asabar ɗin jakar ta fito, an naɗe ta da leda kamar mai karaya. Jami'in duwan, wato kwastan, ya buɗe, ya ƙwace kilishin Hadiza ya ce ba a shigo da nama. Da ya ga dabino kuwa sai ya fashe da dariya, ya nuna wa abokansa mutumin da ya kawo dabino Masar. Na ce a ƙasarmu ana ce wa wannan kai goro Gwanja, ƙasar da ake samo shi, bai gane ba, ban kuma damu ba. Dariyar ta hana shi tona ƙasa. Na koma gefe na nutsa hannu har wuyan hannu, yatsuna suka taɓa ɗinkin Inna.

Wani direba mai suna Sabri ya ɗauke ni zuwa Alamain. Hanya ce doguwa, ta bi ta hamada sannan ta gangara bakin teku. Ni ina zargin yana zagaye da ni, shi yana zargin kayan tarihi na sato zan kai wa Turawa, don sau biyu ya nemi ya sa jakar a bayan mota na hana. A nan na fara ganin teku, bayan na ƙare ƙuruciyata ina zana shi da alli shuɗi. Allin bai yi ƙarya sosai ba.

Maƙabartar tana kan rairayi. Fararen duwatsu ne a jere, sahu bayan sahu, kamar 'yan makaranta ranar ɗaga tuta, kowanne da suna da shekaru. Na bi ina karantawa, yawancinsu sa'o'in 'yan ajin ƙarshe ne da na koyar. Mu a Gure reshe muke kafawa ko fasasshiyar tukunya, damina biyu kabari ya koma ƙasa, sai Allah da 'yan gida suka san wurin. Su kuwa suna riƙe matattunsu da suna, har da mai shara. Ban yanke hukuncin wanda ya fi ba. Na dai san ba don dutsen nan ba da ban san inda zan kai amanar ba.

Na gane Rut tun daga nesa. Doguwa ce, ta kusa shekaruna, rana ta gasa mata fuska, da hula mai faɗin malafa. Da ta ba ni hannu na ji kaushi irin na masu jan guga. Wani ƙato daga ayarinsu ya tsaya can gefe yana riƙe da waya yana kallona. Sabri kuma ya jingina da ƙofar maƙabarta yana kallonsu. Kowa da dogarinsa.

Ta nuna mini dutsen. Sunan Kolin, da sunan gidansu wanda ba zan rubuta a nan ba, da shekarunsa ashirin da ɗaya. Ba ta tsaya gaisuwa ba, ba ta tambayi gajiya ko mutanen gida ba. Ta dubi jakar ta ce to, ga ta, ina abin?

Na ce sai ta faɗi kamanninsa.

Ta ce agogo ne? Na ƙara rungume jakar. Zobe? Ƙaramin littafin addu'a? Na ce ba a canki-canka a cigiya, in mutum ya jera duk kayan duniya dole ya faɗa kan ɗaya. Fuskarta ta ƙara ja a kan jan da rana ta yi mata.

"An haife ni bayan ya mutu da shekaru," in ji ta. "Ta yaya zan san abin da ke aljihunsa? Ka taso tun daga ƙasarku don ka yi mini jarrabawa? Ko yanzu ne za ka faɗi nawa kake so?"

"Malamin makaranta ne ni, Madam, amma jarrabawar nan ba tawa ba ce, ta mahaifiyata ce. Kuma ba ta ƙara maki."

Ba ta yi dariya ba. Gaskiya ta faɗa, na kuma sani. Amma Kolin ba shi kaɗai ne Kolin a yaƙin ba, in na miƙa wa wadda ba magajiya ba, amanar tana nan a wuyan Baba, wuƙar kuma ta tafi. In na koma da ita, Inna za ta mutu da ita a adaka. Na ga ƙaton nan ya fara matsowa, na tuna maganar majalisa ta kamu. Don kada mu rabu haka, sai na yi mata bayanin inda dokar ta fito: kasuwar dabbobi, ɓataccen raƙumi, mai shi ya tsuguna ya zana shaidar wuta a ƙasa tun bai ga dabbar ba.

Ta tsaya. Ta ce shaidar wuta, irin wadda ake ɗora wa shanu da ƙarfe? Na ce ita. Ta ce abin yana da irin wannan a jikinsa? Na ce ban ce ba, ban kuma ce a'a ba.

Sai ta tsuguna. Na ga makiyaya da yawa sun yi wannan tsugunnon a Alakos, duga-dugai a ƙasa, gwiwar hannu a kan gwiwa. Ta share rairayi da gefen tafinta, ta zana jinjirin wata bakinsa sama, ta ja sanda biyu a ƙarƙashinsa. Ta ɗago ta ce wannan ce a jikin shanunsu.

Tun ina yaro na san ƙotar wuƙar nan. Jinjirin wata ne, amma sanda uku. Na daure fuska kamar yadda nake yi in ɗalibi ya kusa amsa bai kai ba, na ce Allah ya haɗa ta da nata, na saɓa jakata. Na juya, ina ta tunanin abin da zan gaya wa Inna.

Ba ta ko dube ni ba, idonta na kan zanen. Ta sa yatsa ta ja ta uku a tsakiya.

"A zamaninsa haka take," in ji ta. "Su uku ne maza, kowa da sandarsa. Da labarin mutuwarsa ya zo, kakana ya kai ƙarfen maƙera ya sa aka cire ta tsakiya. Mahaifina ya ce bai ƙara ambaton sunansa ba har ya mutu."

Na sauke jakar. Na zube dabinon Inna a kan rigata, na farke ɗinkin da haƙori, na sa wuƙar a tafinta, na rufe mata yatsu a kai kamar yadda aka yi wa Baba. Ta buɗe hannu ta ga wata da sanda uku, an ƙona su a ƙotar ƙaho. Ta buɗe kaifin, ta ga ko tsatsa babu, yana ƙanshin man gyaɗar da Inna take shafa masa. Ta ce irin wuƙar da suke tsaga kunnen maruƙa ce. Ta ɗaga wa ƙaton hannu ya koma, sannan ta zauna a ƙasa sosai.

Ta tambaye ni yadda ya mutu, ta ce an gaya wa gidansu bai sha wahala ba. Na ce ba zan yi mata ƙarya a kan kabarinsa ba, ya sha, ƙishirwa ta fi raunin cinsa. Amma ba shi kaɗai ba ne, akwai mutum a gefensa da jiƙaƙƙen ƙyalle har ƙarshe. Na gaya mata randar da ke ƙofar gidanmu da sunan da ake kiranta. Ta juya ta dubi dutsen. Can ta kwance gorar ruwanta ta miƙo mini, na yayyafa a kabarin yadda muke yi wa namu, ta ƙarasa sauran da hannunta.

Da muka tashi na ce ina da tambaya ɗaya, ta gidanmu. Akwai raƙuma a ƙasarku? A nan ne na fara jin dariyarta. Ta ce akwai, har sun yi yawa, ba su da mai su, suna fasa mata shinge su shanye ruwan shanu. Ta nuna mini a waya, garke guda a bakin kwamin ruwa, tana yi musu tsawa suna kallonta. Na roƙa ta turo mini, ta turo.

A bakin ƙofa ta miƙo mini wuƙar, ta ce ta fi daɗewa a gidanmu fiye da nasu, in mayar wa mahaifiyata kyauta. Na ce ta rufa mini asiri. In na koma da ita, ba mahaluƙin da zai yarda na kawo. Ta ce in na koma babu ita fa? Na ce za su ce na sayar, amma wannan ni za a zaga, ba Baba ba. Ta karɓi dabino cike da hularta, Sabri ya cinye sauran a hanya, yana cewa na Masar ya fi.

Dawowa ba labari. Kamar yadda na faɗa wa Rut, Alhaji Sani ya riga ya kirga mini kuɗin wuƙar tun ban sauke jaka ba. Na wuce shi na shiga ɗakin Inna. Ba ta tambayi teku ko jirgi ba.

"Ta faɗi shaida kafin ka nuna?"

"Ta zana a ƙasa, Inna. Uku."

"A hannunta ka sa?"

"A hannunta."

"Ta rabu da jikinka a hanya?"

Na ce jirgi ya raba mu, Allah ya haɗa. Ta ce ta san za a yi haka, shi ya sa ta ɗinke da zare biyu. Sai na kunna mata raƙuman. Ta kawo wayar dab da idonta, ta sa na maimaita, ta sake sawa. Ta ce ramammu ne, ba mai kula da su. Sannan ta ajiye wayar a kan tabarma, ta juya fuska wajen bango.

"Ashe Malam bai ƙara gishiri ba," in ji ta. "Wuƙar ban taɓa shakka ba. Raƙuman nan ne na yi ta jin kunyarsu a gidan biki."

Na tambaye ta ko yanzu a ɗauke randar, tunda amana ta isa. Ta juyo ta dube ni kamar ban taɓa shiga lakwal ba.

"Wuƙar ce tasu. Ruwan namu ne. Je ka duba, tun safe ba a cika ta ba."

Wanda yake son ganin raƙuman Baba Soja ya same ni a ƙofar gida da hantsi, ina bakin randa. Alhaji Sani ya riga ya gani, ya ce haɗa hoton aka yi.